Hijabi a Kurmi: An Ci Nasara a Kotu, Saura a Gidajenmu

'Yan'uwana mazauna Kurmi, na Agege da Idi Araba da Mile 12 da Obalende, na Sabon Badun da Shagamu da Abekuta, har zuwa na Fatakwal da Anacha, ina yi mana fatan alheri.

Yau ina so mu tattauna ne kan wata magana wadda duk majalisar da aka tayar da ita sai ka ga ran jama'a ya ɓaci, jijiyar wuya ta tashi, wato irin kallon da ake yi wa matanmu da 'ya'yanmu masu sanya hijabi a wannan yanki da muke zaune. Ba na musun cewa akwai abin ɓacin rai. Akwai shi, zan ma lissafo wasu. To amma tambayata ita ce, bayan ɓacin ran, me muka yi? Domin a nawa ganin, yaƙin hijabi a Kudu wasu ne suka yi shi, suka kuma ci nasara. Mu kuwa da muka fi kowa ɗaga murya a majalisa, mu ne muka fi kowa rashin cin moriyar nasarar, saboda 'yancin da kotu ta tabbatar na yarinyar da ke cikin aji ne, alhali da yawa daga cikin 'ya'yanmu mata suna bakin titi da faranti a ka.

Irin kallon da ake yi wa mai hijabi

Duk wanda ya daɗe a nan ya san kallon ba iri ɗaya ba ne. A ƙasar Yarabawa hijabi ba baƙon abu ba ne, domin akwai miliyoyin Musulmi 'yan ƙasa. Yaron mota a danfo zai kira mai hijabi da "Alhaja", wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da zolaya. Suna ma da kalmarsu ta tun da, "eleha", wadda suke kiran matan kulle masu rufe jiki duka da ita. Amma duk da haka, da zarar an fahimci mai hijabin nan Bahaushiya ce, sai kallon ya sauya. Nan take an yanke mata hukunci cewa ba ta je makaranta ba, ba ta jin Turanci, ba ta san komai ba. A asibiti ko a banki sai ka ga ana yi wa mijinta ko ɗanta magana a kan abin da ya shafe ta, ko a shiga neman tafinta tun ba ta buɗe baki ba. Na san mata masu digiri da aka yi wa haka, sai da suka amsa da Turancin da ya fi na mai tambayar sannan aka gyara zama.

A Gabas da yankin Neja Delta kuwa, inda Musulmi 'yan ƙasa ba su da yawa, lamarin ya fi haka nauyi, domin a can hijabi kusan daidai yake da a rubuta "Bahaushiya" a goshin mace. Mu maza idan gari ya yi zafi muna da dabara. Mutum zai cire hula ya cusa a aljihu, ya sa riga da wando irin na kowa, ya saje da jama'a. Ita fa? Ita ba ta da wannan dabarar, kuma ko tana da ita ba za ta yi ba. Ke nan macen nan ita ce tutar al'ummarmu a kan titi, ko ta so ko ba ta so ba, kuma idan aka tashi jifa, tuta ake fara gani. Waɗanda suka ga rikicin Shagamu na watan Yulin 1999 ba za su manta ba cewa abin da aka ruwaito ya tayar da shi shi ne fitar wata Bahaushiya da dare a lokacin bikin Oro, wanda a al'adar garin ba a yarda mace ta gani ba. Daga kan mace ɗaya aka fara, aka ƙare da asarar rayuka a Shagamu, sannan ramuwar gayya a Kano.

Sai kuma masifar Boko Haram ta zo ta ƙara dagula al'amarin. Daga shekarar 2014 ne aka fara ɗaura wa 'yan mata bam a ƙarƙashin hijabi ana tura su kasuwa da tasha. A 2015 ƙasar Chadi, da arewacin Kamaru, da jihar Diffa ta Nijar duk sun hana rufe fuska saboda wannan dalili. A ƙarshen watan Disambar shekarar, Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya faɗa a wata hira da 'yan jarida cewa idan hare-haren suka ci gaba za a iya duba batun hana hijabi, maganar da ta tayar da ƙura sosai. A waɗancan shekaru mata da yawa a nan Kurmi sun sha jin ana jefa musu kalmar "Boko Haram" a mota da kasuwa. Abin takaicin shi ne, wadda ake tsoron ita ce ta fi kowa cutuwa da wannan bala'i, domin a garinsu aka kashe iyayenta, a kasuwarsu bam ya tashi, kuma yaran da aka ɗaura wa bam ɗin galibi sato su aka yi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya ɓata ran duk mai kishi. To amma mu ci gaba.

Su wa suka yi yaƙin?

Bari in tuna mana yadda aka yi, domin da yawanmu labarin nasarar kawai muka ji.

A jihar Legas, gwamnati ta hana ɗalibai mata sanya hijabi a makarantunta na firamare da sakandare, da hujjar cewa ba ya cikin yunifom. A shekarar 2013 wasu 'yan mata biyu ƙanana, ta hannun iyayensu, tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN reshen Legas, suka kai ƙara. A ranar 17 ga Oktoban 2014 babbar kotun Ikeja ta bai wa gwamnati gaskiya. Ba su karaya ba, suka ɗaukaka ƙara. A ranar 21 ga Yulin 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan hukunci, ta ce hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Gwamnatin Legas ta wuce Kotun Ƙoli. Sai a ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, alƙalai biyar daga cikin bakwai suka tabbatar da cewa ɗaliba Musulma tana da 'yancin sanya hijabinta a makarantar gwamnati. Wadda ta rubuta babban hukuncin ita ce Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, wadda daga baya, a 2024, ta zama Babbar Jojin Nijeriya. Mai karatu, ka lissafa: shekara tara ana shari'a. Yaran da aka shiga kotu dominsu har sun gama sakandare kafin a gama.

A jihar Osun, a watan Yunin 2016, Mai Shari'a Jide Falola ya yanke irin wannan hukunci, abin da ya sa wasu ɗalibai Kirista a garin Iwo suka zo makaranta da rigunan coci don nuna rashin amincewa. A watan Disambar 2017 aka hana Firdausi Amasa, wadda ta karanta lauya a Jami'ar Ilori, shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta haƙura da rantsuwar ranar, ta tsaya a kan bakanta, sai a watan Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta a ƙarƙashin hular lauyoyi, ta buɗe ƙofa ga duk na bayanta. A Badun, a watan Nuwamban 2018, makarantar sakandare ta Jami'ar Ibadan ta shiga irin wannan taƙaddama har aka dakatar da karatu. A jihar Kwara gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilori a watan Fabrairun 2021 kan wannan batu, sannan a Fabrairun 2022 aka yi arangama a wata makaranta a Ijagbo har mutum ɗaya ya rasa ransa.

Yanzu mu dubi waɗannan sunaye da garuruwa. Su wa ke ciki? 'Yan'uwanmu Yarabawa Musulmi ne. Su suka tara kuɗin lauya, su suka yi ta zirga-zirgar kotu, 'ya'yansu aka kora daga aji, matansu suka yi tattaki cikin rana. Ƙungiyar MSSN ɗin ma kanta a nan Ikko aka kafa ta tun 1954. Haƙiƙa shugabannin Musulmi na ƙasa baki ɗaya sun yi magana, kuma sun kyauta. Amma ni maganata a kanmu take, mu mazauna nan da muke tafiyar minti talatin daga kotun Ikeja. Kowa ya tambayi kansa: a cikin shekara taran nan, sisi nawa ya bayar? Sau nawa ya je kotu ya zauna don a ga yawanmu? Sau nawa aka ɗauki faranti a masallacinmu don wannan shari'a?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, waɗannan mutane su ne wasunmu ke raina wa addini. Ba yau aka fara ba. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun ya wallafa littafi a kanmu a 1969, ya kawo yadda tun farkon shekarun 1950 Hausawan Sabo suka daina zuwa babban masallacin gari suka ware Juma'arsu. Har gobe akwai mai cewa shi ba ya bin limamin Bayarabe. To ga shi waɗanda ake rainawar su ne suka tsaya wa hijabi har Kotun Ƙoli, mu kuma muka tsaya tura wa juna "Allahu Akbar" a WhatsApp ranar da aka yanke hukunci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hijabi tufar fita ce

Akwai wani abu da matasanmu ba su sani ba. Wannan ɗinkakken hijabin da ake zurawa ta ka ba shi kakanninmu mata suka tashi da shi ba. Su zane suka sani, da kallabi, da mayafi ko gyale, da lulluɓi. Umarnin suturta jiki yana nan tun saukar Alƙur'ani, a Suratun Nur da Suratul Ahzab, kuma kowane zamani da irin tufar da aka cika umarnin da ita. Amma wannan samfurin da muke kira hijabi ya bazu ne a ƙasar Hausa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, ta hannun ɗalibai mata na jami'o'i, da mahajjata, da makarantun Islamiyya na matan aure da suka yawaita bayan kafa Izala a Jos a 1978, sannan ga ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985.

Ku lura da wannan sosai. Hijabi tare da littafi ya shigo mana. Shi ne ya sa magidancin da a da ba ya yarda matarsa ta leƙa zaure, ya yarda ta tafi Islamiyya. Mace a ƙuryar ɗakinta, daga ita sai mijinta da 'ya'yanta, ba ta buƙatar hijabi. Tufa ce ta fita, an yi ta ne don mace ta shiga cikin jama'a da mutuncinta, ta nemi ilimi, ta je asibiti, ta yi sana'a, ta sada zumunci. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da 'ya'yan wasu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. To yaya aka yi mu jikokinsu muka riƙe ƙyallen muka saki littafin?

Laifi tudu ne

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu sauko daga kan namu mu dube shi.

Ka fita da hantsi, lokacin da 'ya'yan kowa suke cikin aji, ka zaga unguwanninmu da kasuwanninmu da wuraren da manyan motoci ke tsayawa. Wa za ka gani? Yarinya 'yar shekara tara, goma, sha biyu, da hijabinta har gwiwa, ɗauke da farantin goro ko gyaɗa ko awara ko dafaffen ƙwai, tana ratsawa tsakanin 'yan acaɓa da 'yan dako da yaran mota. Wannan ya ja mata hijabi, wancan ya riƙe mata canji sai ta yi masa dariya, wani ya ce ta kai masa ɗaki. Su wane ne masu yi mata haka? Ba Bayarabe ba ne, ba ɗan ƙabilar Ibo ba ne. Namu ne, da Hausa suke yi mata maganar banzan. Uban da zai iya zare wuƙa idan ya ji wani malamin makaranta ya cire wa wata yarinya hijabi a wata jiha, shi ne 'yarsa ke yawo har bayan isha'i a tasha, kuma ransa bai ɓaci ba. Sannan a Legas talla a kan titi laifi ne a dokar jiha tun 2003, don haka ban da 'yan iska, ga jami'an gwamnati suna bin ta da gudu.

Ka je bakin gadoji da mahaɗar tituna da ƙofar manyan masallatai. Su wa ke zaune a jere da yara a cinya suna miƙa hannu? Mata ne masu hijabi, da harshenmu suke roƙo. Na san da yawansu masifa ce ta koro su, 'yan bindiga ko Boko Haram ko mutuwar miji, kuma ba na zarginsu ko kaɗan. Mu nake zargi, mu da muke da rumfuna da shaguna da motoci. Amma mu gane cewa mutumin da bai taɓa zuwa Arewa ba, abin da yake gani kullum a hanyarsa ta zuwa aiki shi ne ke gina masa fahimta. Idan ya ga hijabi a jikin Bayarabiya, ya gan shi a kan likita, da lauya, da malamar jami'a, da ma'aikaciyar banki. Idan ya gan shi a jikin Bahaushiya, ya gan shi a kan mai talla da mai bara. Shin wa ya zana masa wannan hoto? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani abin kuma, mun mayar da hijabi ma'aunin da muke auna mata da shi, mu kuma babu mai auna mu. A majalisa za ka ji ana yanka matan mutane: ta wane gyale take yafawa, ta wane nata bai kai ƙasa ba, 'yar wane tun da ta shiga jami'a ta koma ɗan ƙarami. Masu wannan magana su ne zaune a bakin hanya suna bin kowace mace da ido tun daga inda ta ɓullo har ta ɓace. Alhali a Suratun Nur ɗin da muke kafa hujja da ita, aya ta 30 da maza ta fara, a kan kame ido, kafin aya ta 31 ta zo kan mata. Mun haddace ta biyun mun tsallake ta farkon.

Ga kuma wani abin mamaki. Idan matar ɗayanmu ta tashi haihuwa, sai ka ga ya tayar da hankalin asibiti, shi lallai sai mace ce za ta duba masa iyali. Madalla, kishi ne mai kyau. To amma 'yar wa kake so ta yi shekara shida a jami'a ta zama likitar? Ta wani. Taka kuwa an cire ta tun aji huɗu na firamare.

Hujjojin da muke kawowa

Na san abin da za a ce, domin na sha ji. Na farko talauci. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, kuma akwai gidan da cinikin farantin nan ne cefanensu. Amma mu ji tsoron Allah, ba duka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne. Akwai 'yan kashe-kashe, yunifom da takalmi da littattafai da kuɗin mota, amma ba su kai abin da muke kashewa a lefe da anko da ɗinkin Sallah ba. Kuma al'ummar da ke riƙe da cinikin tumatir da albasa a Mile 12, da shanu a Oko-Oba, da hatsi a Bodija, da canjin kuɗi a kusan kowane babban gari, ba za ta ce ta kasa saya wa marayunta yunifom ba.

Na biyu, tsoron lalacewar tarbiyya. Wai makarantun nan za su ɓata mana yara. To tsakanin aji mai malami da rajista da ƙararrawa, da tashar mota mai 'yan wiwi, ina ne tarbiyya ta fi saurin lalacewa? A da ana iya cewa ai za a cire mata hijabi a bakin ƙofa. Yanzu wannan hujjar ta faɗi, Kotun Ƙoli ta kayar da ita. Saura me?

Na uku, wai mu baƙi ne, gida za mu koma. Sabon Badun tun 1916 aka kafa shi. Akwai waɗanda a Agege aka haifi kakansu. Shekara ɗari muna cewa gobe za mu tafi, ba mu tafi ba, ba mu kuma zauna zaman masu gina gobe ba. Ko da ma gidan za a koma, da me yarinyar za ta koma? A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma kowa ya san yankin da ya fi yawa a ciki. Bai kamata mu taso tun daga can mu zo nan mu ƙara yawan adadin ba.

Mu ma mu yi adalci

Ba duk wanda ya yi jayayya da hijabi ne maƙiyin Musulunci ba. Da yawa daga cikin makarantun da ake rikici a kansu coci-coci ne suka gina su, gwamnati ta karɓe a shekarun 1970, kuma har yau masu su na asali suna jin ciwon abin. A Legas ma sai a 2001 gwamnatin Bola Tinubu ta mayar da wasu ga masu su, na Kirista da na Musulmi. Amsarmu gare su a fili take: makarantar da ake biyan malamanta da kuɗin jama'a ta jama'a ce duka, kuma ƙyallen da ke kan 'yata bai rage wa 'yarka komai ba. Amma a faɗa da hujja da ladabi, ba da dutse ba.

Sannan mu kiyaye ƙa'ida. Idan hukuma ta ce hijabin makaranta ya zama gajere, mai tsafta, mai launin yunifom, a bi. Idan za a shiga jarrabawa ko filin jirgi aka ce sai an duba, a yarda a duba, sharaɗinmu kawai mace ta duba mace a keɓe. Kuma abin da muke nema a nan, mu yarda a bai wa wasu a can gida. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 da ya bai wa 'yarmu 'yancin bayyana addininta a Ikeja, da sashe na 42 da ya hana a nuna mata bambanci, su ne dai suka kare 'yar Kirista a Kano ko Gusau daga a tilasta mata abin da ba addininta ba. Wanda yake son a yi masa adalci a baƙunta, ya yi wa baƙonsa.

Abin da nake ganin ya kamata

Na ɗaya, sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa na kowace unguwa su sa a bi gida-gida a ƙirga yara mata da suka isa shiga makaranta amma ba sa zuwa. Ba aikin gwamnati ba ne wannan, littafi ɗaya da biro da matasa biyar sun isa.

Na biyu, a buɗe asusu a kowane masallacin Juma'a namu don yunifom da littattafan marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Uwar da tallar 'yarta ce abincinta, a ba ta ɗan jari, ko a samo mai sarar kayan a gida.

Na uku, iyaye maza mu riƙa zuwa taron iyaye da malamai. Shugaban makarantar da ya san fuskar uban yarinya ba ya saurin wulaƙanta ta. Rashin ganinmu ne ke sa a ɗauka 'ya'yanmu ba su da gata.

Na huɗu, idan an ci zarafin mace saboda hijabi, a makaranta ko asibiti ko wurin aiki, kada a tara matasa a tafi da sanduna. A rubuta rana da wuri da abin da ya faru, a samu shaidu, a kai ƙorafi a rubuce, a nemi MSSN ko FOMWAN ko MURIC ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Takarda ce ta ci nasara a 2022, ba gora ba.

Na biyar, mu kusanci 'yan'uwanmu Musulmi 'yan ƙasa. Mu shiga ƙungiyoyinsu, mu halarci tarukansu, mu ba da namu kason idan ana tara kuɗi. Sun fi mu sanin kan hukuma a nan, mu kuma muna da yawa da dukiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, dattawa su tsawata wa samarinmu masu tare 'yan mata a tasha da bakin kasuwa. Wanda ya ja hijabin yarinya, a kai shi gaban Sarki, ko ɗan wane ne.

Ƙofofi dai sun buɗe. Tun 2002 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta amince ma'aikatanta mata su sa hijabi. A watan Maris na 2022 rundunar 'yan sanda ta yarda jami'anta mata su rufe kai a ƙarƙashin hularsu. Lauya na shiga kotu da nata. Ɗaliba na shiga aji da nata. Wasu sun sha wahala sun buɗe mana, abin da ya rage shi ne a samu masu shiga. Ranar da Bayarabe ko ɗan Ibo zai kwanta a gadon asibiti ya ɗaga ido ya ga wadda ke duba shi 'yar Agege ce ko 'yar Sabo, da hijabinta, tana yi masa bayani da yarensa, ranar ce kallon zai sauya, ba tare da mun yi faɗa da kowa ba.

Allah Ya kare mana mutuncin matanmu da 'ya'yanmu, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.